Hagun Cedric Pennicott

Abin da ake faɗa a kan Cedric Pennicott a gidajen wasan Landan shi ne ba ya yafe wa wanda ya fi shi samun tafi. Wai da zarar ya ga 'yan kallo sun karkata ga abokin wasansa, sai ya san yadda ya yi ya nakasa shi. Hujjar da ake kawowa ɗaya ce, fuskar Osbert Lyle, wadda takobin Cedric ya tsaga daga kunne zuwa haɓa a Bristol, shekaru fiye da ashirin da suka wuce. Sauran duk ƙari ne. Wai ba ya yarda abokin wasa ya tsaya ko'ina sai a damansa, wai a wurin ɗaukar fim ya sha sa a ɗage kyamara a sake mata wuri don a nuna ɓarin fuskarsa da ya fi kyau.

Na yi wasa a dandamali har ƙafafuna suka gaji, na koma koyarwa har muryata ta gaji, kuma abin da na lura shi ne labarin da kowa ya yarda da shi galibi babu wanda ya taɓa tashi ya je ya duba shi. Duk da haka ban ga abin da ya shafe ni ba, sai ranar da Tamsin, 'yar ƙanena, ta zo mini da rana tsaka, ta zauna ba ta ko cire rigar ruwanta ba.

An ba ta babban matsayi na farko a rayuwarta. Za ta fito a matar wani janar, Cedric ne janar ɗin. A ƙarshen wasan takan lallaɓo da wuƙa daga bayan labule, shi kuma ya juyo da takobi a guje ya tsayar da shi dab da wuyanta. Daraktan, wani matashi mai suna Julian Crake, ya tsara ta fito ta hagun Cedric, saboda a nan ƙofar take. Tun ranar farko Cedric yake rigima a mayar da ita dama. Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya yi barazanar ajiye aikin, Julian ya ce shi ba ya sake gini don son zuciyar tsoho.

Duk wanda ya taɓa riƙe takobi a dandamali ya san ƙa'idar: ba a kai sara sai idanu sun haɗu. Kallon nan shi ne izini. Tamsin ta ce da sanduna suke gwaji har yanzu, kuma sau biyu sandarsa tana shafar kunnenta.

"Ina neman idonsa, Goggo, ba na samu. Yana kaina, amma kamar ana kallon bango. Raini ne, ko kuwa so yake ya yi mini irin ta Osbert?"

Ranar Juma'a da yamma za a fara da takubban ƙarfe. An dakushe bakinsu, amma ƙarfe ƙarfe ne, na Bristol ma dakusasshe ne. Na ce mata ta sha shayinta, kada ta gaya wa kowa ta zo wurina.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Brighton, inda Osbert yake zaune. Tun bayan raunin ya koma wasan rediyo, yakan ce Cedric ne ya zaɓar masa sana'ar da ta dace da fuskarsa. Ya yi murna da ganina, ya ce na tsufa fiye da yadda aka ba shi labari, na ce shi kuma tabon ne kaɗai abin da bai yamutse ba a jikinsa. Muka ci kifi da dankali a bakin teku, iska tana neman ƙwace mana takardar da aka naɗe su a ciki.

Na tambaye shi yadda abin ya faru, ba yadda ake ba da shi a mashaya ba. Ya ce ai babu bambanci. Suna yawon gari-gari da wasan, sun yi wata da watanni ba ko ƙwarzane. Da suka isa Bristol suka tarar dandamalin can matsattse ne, matakalar da yake saukowa ta kanta ba ta shiga sai a ɗaya gefen, don haka da safiyar ranar aka juya faɗan gaba ɗaya. Cedric ya yi ta masifa da manaja har wuyansa ya yi ja. A daren da ya gabata kuwa 'yan kallo sun kira Osbert shi kaɗai ya fito ya karɓi tafi.

"Sai ki haɗa da kanki, malamar makaranta," in ji shi. "Ya dube ni sosai kafin ya kawo saran."

Na ce to da aka juya faɗan, ta wane gefen Cedric ya sauko. Ya ɗaga hannu yana auna matakalar a iska, sannan ya ce ta hagu. Ya tambaye ni me ya sa, na ce tsufa ne, yana sa mutum tambayar banza.

Akwai wani ƙaramin gidan sinima kusa da gidana da ke nuna tsofaffin finafinai da rana, ga 'yan fansho da masu gudun ruwan sama. Mai wurin tsohon ɗalibina ne, ya sa mini na Cedric guda uku a jere. Na ƙura wa fuskar ido ta kowane ɓari, ban ga wanda ya fi wani ba, hanci ɗaya ne dogo ko ta ina. Kuma mai son a gan shi ba ya juya wa kyamara ƙeya, shi kuwa ya yi haka ba sau ɗaya ba, don dai abokin maganarsa ya kasance a damansa. A fim na uku wata baiwa ta shigo ta hagunsa da tire. Ta tsaya, ta ƙara tsayawa, bai motsa ba sai da kofi ya yi ƙara a kan faranti. Masu sharhi a jarida sun yaba wannan wurin a lokacin, sun ce ya nuna girman kan mai mulki.

Ranar Juma'a na sami Cedric a shagon shayin da ke bayan gidan wasan, inda yake cin abincin rana shi kaɗai. Teburinsa na lungu ne, kafaɗarsa ta hagu tana jingine da bango. Mun san juna tun muna yawo da kamfani ɗaya bayan yaƙin duniya, muna kwana a gidajen haya masu warin kabeji. Ya miƙe ya sumbaci hannuna kamar ana kallonsa daga bene.

"Hester. Na ɗauka kin mutu, har na yi miki kyakkyawan jawabi a zuciyata."

"Ajiye shi, ranka ya daɗe, za ka buƙaci abin faɗa idan aikin ya ƙare."

Na ce hasken taga yana damun idona, na roƙi mai kawo abinci ta ja teburin daga bango, na sa kujerata a hagunsa. Ya yi ƙoƙarin juya tasa, ƙafar teburin ta tare shi. Sai ya duƙufa a kan farantinsa yana zagin Julian, wai yaron da bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari ba shi zai koya masa inda ƙofa take. Ina jinsa, na ɗauki wuƙar shafa man shanu, na ɗaga ta a hankali har ta kai tsayin idonsa na hagu. Na matso da ita. Tsakaninta da gashin idon bai fi faɗin yatsa ba. Idon a buɗe yake, shuɗi, lafiyayye a gani, yana motsi tare da ɗan'uwansa. Cedric ya ci gaba da yanka naman alade yana magana.

Mai kawo abincin ce ta saki cokali a ƙasa. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ga wuƙar, ya ga ni. Na ajiye ta a gefen faranti.

Ya goge bakinsa, ya ninke adikon. Da ya yi magana muryar ta sauka, ba irin wadda ake jin ta a kujerar ƙarshe ba. Bai musa ba. Ya ce ya haddace takun Tamsin, yana jin ƙarar takalminta a kan katako, ya san daidai inda take tsayawa. Na ce sau biyu sandarsa ta taɓa kunnenta, kuma na ji Julian ya sa a buga ganguna a wurin daga yau. Ya ce zai lissafa da gangunan. Ya ce in ba shi zuwa ranar buɗewa, zai sa a mayar da ƙofar, ya taɓa karya daraktocin da suka fi wannan taurin kai.

"Yau za a ba ka ƙarfe, Cedric."

"Kin san abin da ke biyo baya. Likitan kamfanin fim zai ji kafin Litinin. Ba sauran doki, ba sauran takobi, sai dai in fito a kakan wani a kujerar guragu." Ya matso da fuskarsa. "Sannan Osbert. Yanzu ana cewa mugu ne ni, mugu kuwa ana ba shi aiki. Idan aka ji wannan, an san na hau dandamalin Bristol ina sane."

Na ce masa 'yar ƙanena ce, fuska ɗaya gare ta, kuma ko ya faɗa ko in faɗa. Sai ya koma Cedric ɗin da aka sani. Ya yi dariya, ya ce wa zai saurari tsohuwar da rabonta da dandamali tun zamanin ƙarancin abinci da ake sayen nama da katin rabo, wadda ta zo kare 'yar gidansu don yarinyar ta tsorata. Ya ce mai gadin ƙofa ma ba zai bar ni in shiga ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, kafaɗarsa ta bugi gefen ƙofar shagon.

Mai gadin ya bar ni, don ni na koya wa 'yarsa magana a gaban jama'a. Na zauna a layi na uku cikin kujerun da aka lulluɓe da ƙyalle. Ba a son baƙo a wurin gwaji, Julian ya harare ni, amma ya ga furfura ya ƙyale. Na yanke wa kaina cewa zan bar wa Cedric dama har zuwa lokacin da Tamsin za ta fito daga labule. Idan ta fito bai yi magana ba, zan tashi.

Mai koyar da faɗa ya kawo takobin a nannaɗe cikin bargo, ya gwada bakinsa a tafin hannu, ya miƙa wa Cedric ta ƙota. Ya tuna musu ƙa'ida kamar yadda ake yi kullum, ido kafin sara. Cedric ya ce ya san wannan tun uban mai koyarwar yana cikin zanin goyo, ma'aikata suka yi dariya. Ya sake neman a mayar da ƙofar dama, a karo na ƙarshe, cikin ladabin da ban taɓa jin ya yi wa darakta ba. Julian bai ko ɗago daga takardunsa ba.

"A yi haƙuri, maigida. Kowa wurinsa. Kuma fuskarka ga 'yan kallo har sai ta iso, ban da leƙe."

Aka rage fitilu. Cedric ya tsaya a tsakiya, takobi a hannun dama, ya fara jawabin janar. Ban taɓa jin ya yi shi da kyau haka ba, har masu ɗaure igiyar labule a sama suka daina motsi. Ya san ina wurin, sau ɗaya idonsa na dama ya sauka a kaina ya wuce. Sai gangunan suka fara, a hankali, suka yi ta ƙaruwa har katakon da ke ƙarƙashin ƙafata ya ɗauki rawa. Ko ni da nake kallo ba na jin takun kowa.

Labulen hagu ya motsa. Hannun Tamsin ya fito da wuƙa, sannan fuskarta, fara fat, tana neman idonsa. Na dafa kujerar gabana na yunƙura, gwiwata ta ƙi, na sake yunƙurawa. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ta ɗan wuce alamar da aka manna mata a ƙasa. Kafaɗar Cedric ta ɗaga, takobin ya tashi sama. Na buɗe baki, gangunan suka haɗiye muryata.

Takobin bai juyo ba. Ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali har tsininsa ya taɓa katako. Cedric ya ɗaga ɗaya hannun, mai ganga ya tsaya a tsakiyar bugu. Julian ya jefar da fensirinsa ya tambaya yanzu kuma mene ne.

Cedric ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu, ya nemi Tamsin har ya same ta, ya dubi inda ƙafarta take da inda alamar take. Ya miƙa wa mai koyar da faɗa takobin. Sannan ya fuskanci kujeru, ya yi magana da muryar da ake ji har ƙofar waje.

"Idona na hagu ba ya gani. Tun lokacin yaƙi, ranar da bam ya faɗa unguwarmu. Ban ga Osbert Lyle ba a Bristol, kuma yanzu ban ga wannan yarinyar ba."