Irin da Aka Kai Ajiya

An shafe tsohon gidan injin matsar gyaɗa na bakin garin Cadawa da farin fenti, har ƙofar sito, wai ya zama wurin tarihi. Zalika ta dogara sandarta a bayan 'yan lakol, yaran makarantar da aka kawo kallo. Ƙofar nan ta san ta tun tana da tsatsa.

A shekarar babban fari, mutanen ƙauyensu yunwar cikinsu suka fi jin tsoro. Kowa ya san in yunwa ta matsa, irin shuka za a soye. Sai suka yi shawara kowa ya kai irin gyaɗarsa, da ɓawonsa, siton gidan injin, inda Mudi, yayan Zalika, yake riƙe da makulli. Suka ce masa ko da kuka suka dawo, kada ya buɗe sai ruwa ya sauka.

Ita ce ta fara dawowa da kukan, goye da 'yarta Kadi, wadda wuyanta ya daina ɗaukar kanta.

"Yaya, tiya ɗaya daga buhuna. Nawa ne, ba na kowa ba."

"Amana ce, Zalika," in ji Mudi, bai ko kalli yarinyar ba. "In na buɗe miki, gobe duk gari na nan. Me za ku shuka?"

A bayansa injin yana ta ruri, ƙamshin mai ya cika wurin. An ce gyaɗar kudu ce motoci ke kawowa. Ba wanda ya tambayi ina motocin.

Kadi ba ta kai Juma'a ba. Zalika ta haɗiye, har takan kare yayanta a bakin rijiya, ta ce mutum ne mai amana, lokacin yarinyar ne ya yi.

Ruwan farko ya sauka, aka taru da jakuna. Mudi ya buɗe, ya ja gefe. Buhuna na nan reras, kowanne da alamar mai shi. Zalika ta sunkuya ta kama nata da hannu biyu, sai ya taso sakayau kamar matashin kai. Ɓawo ne. Duk siton ɓawo ne. Ashe ƙamshin da ta shaƙa ranar da take roƙo, na gyaɗarta ne!

Wallahi ba abin da aka yi. Mai injin ya kwashe ya tafi, Mudi ya ce umarni aka ba shi, dattawa suka ce a bar wa Allah. Ita dai ba ta sake taka gidansa ba.

Yau ga Mudi tsofai-tsofai cikin farar riga, shi ne mai ba baƙi labari.

"Injin nan," ya ce yana shafa ƙarfen, "ko a shekarar fari bai tsaya ba."

Malamin lakol ya ce a tafa. Yara suka tafa.

"Yaya," in ji Zalika, ba ta ɗaga murya ba. "Gaya musu abin da ya ci."

Yaran suka juya ga Mudi, suna jira.