Kalmar Lauya

Lauyan waɗanda ake tuhuma ya sake faɗin kalmar, yana jan ta a baki kamar mai tsotsar alewa. Tafinta ya ji ransa ya ɓaci. Ya san inda aka dosa: in kotu ta karɓi kalmar nan, kisan kai ya koma tsautsayin faɗa, ƙartin nan huɗu da ke cikin akwatin kotu kuma sun kusa komawa gida.

Tsohon da ke ba da shaida, uban mamacin, ya karkato kunne.

"Ɗana, me yake ta nanatawa ne?"

Alƙali ya ba da izini a fassara.

"Baba, kalmar Turanci ce. Faɗa ne na taro, mai ihu da hargowa, wanda kowa ke dukan kowa, ba a san wanda ya fara ba."

"Kowa ke dukan kowa?" Tsoho ya dafa katakon da ke gabansa. "Ina wurin fa. Yarona ɗan dako ne, buhun siminti ne a kansa, hannu biyu yana riƙe da shi. Ƙafar ɗayansu ya taka. Da wane hannun ya doke su? Ihun ma ba nasa ba ne, nawa ne."

Tafinta ya mayar da shi Turanci tsaf, bai rage ba, bai ƙara ba, don rantsuwar aikinsa ke nan. Amma wallahi ji ya yi maganar ta huce a bakinsa. Lauya ya miƙe zumbur, wai shaida ba ya yin tambaya. Alƙali ya ce haka ne, a bar wannan. Ba a jima ba, shi kansa alƙalin ya ɗauki kalmar yana amfani da ita kamar tasa.

Da aka tashi, tafinta ya bi ta ƙofar baya don kada su haɗu da tsohon. Ina! Tsoho na tsaye a gindin matakala, hula a hannu.

"Ɗana, ƙara faɗa mini ita. A hankali."

"Baba, me za ka yi da ita?"

"Uwarsa na gida, ba ta iya tashi. Za ta tambaye ni me suka ce ya kashe shi."

Tafinta ya faɗa masa. Tsoho ya gwada, harshensa ya harɗe. Ya sake, ya sake, har ta zauna. Ya yi godiya, ya sa hularsa, ya nufi tashar mota yana maimaita ta ƙasa-ƙasa don kada ta ɓace masa a hanya.