Waƙa ta Tara

Tun kafin mu shiga situdiyo Shuvai ta kafa mini sharaɗi ɗaya. Ta ce, "Yaya Takawira, duk abin da ka kaɗa zan rera, ban da kiɗan Kaka." Na ce na ji. Ƙanwata ce ciki ɗaya, kuma ita ce muryar ƙungiyarmu. Mu sauran ukun, in za a faɗi gaskiya, rakiya muke yi mata.

Kakanmu makaɗin mbira ne, wani abin kiɗa mai harsunan ƙarfe, a ƙauyenmu na Mhondoro. Yana da wani kiɗa da ake kiran magabatan gidanmu da shi, su hau wani cikin dangi su yi magana da bakinsa. Bayan rasuwarsa Shuvai ta kwanta ciwon da asibiti ya kasa gane kansa, dattawa suka ce tsohon ne ya zaɓe ta. Tana da shekara sha shida ta tattara kayanta ta biyo ni Harare, ta shiga coci, ta ce ita jikinta nata ne. Shekara bakwai ba ta taka ƙauye ba.

A 1982 muka samu kwana uku a wani situdiyo da ke bayan layin dogo, don ɗaukar faifanmu na farko. Waƙoƙin ƙauye muke ɗorawa a kan jitar lantarki da ganguna. Cikin kwana biyu muka gama takwas, duk da daɗinsu, amma babu wadda za ta tayar wa mutum da tsikar jiki. Ni kuwa na san inda irin wannan take, don a gaban Kaka na koye ta. Sai na ƙara mata sauri, na raba ta tsakanin jita biyu, na rubuta mata baituka a kan ruwan sama. Na ce wa kaina ai yanzu ta zama wata waƙa daban. Ƙarya nake yi, kuma na sani.

Gwinyai mai ganga ne ya fara ganewa, lokacin da muke gwaji mu uku. Ya ajiye sandunansa ya ce, "Kai, wannan ba kiɗan kira ba ne?"

"Buga gangarka, sarkin tsoro," na ce. "Wane tsoho ne ya san hanyar Harare?"

Shuvai baitukan kawai na koya mata. Na ce kiɗan sai mun shiga ɗauka, don ya fito da zafinsa.

Da hantsin rana ta uku Mista Banda, mai ɗaukar sauti, ya ɗaga mana yatsa daga bayan gilashi, jar fitila ta kama. Baitin farko ya wuce lafiya. A na biyu Shuvai ta waiwayo ta dube ni, na ga ta gane. Ta ɗaga hannu a tsaya. Na sunkuyar da kai a kan jita na ci gaba, don tunda nake ban taɓa jin muryarta haka ba.

Sai ta shure takalmanta. Ta fizge agogon hannunta ta yar. Baitukana suka ɓace daga bakinta, wasu suka fito waɗanda ban rubuta ba, da murya mai kauri da kaushi. Ta zauna a ƙasa tana murza gwiwar hagu, wadda ta dami Kaka har ya mutu. Kiɗan ya mutu a hannunmu ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ni.

Gwinyai ya raɗa mini, "Cire takalmi, mahaukaci! Gaishe shi!"

Na tuɓe takalmina, na tsuguna, na tafa hannu yadda ake yi wa manya.

"Ga ni," in ji muryar. "Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Kaka."

"Fari aka yi? Yaro ne ba lafiya?"

"A'a, Kaka."

"To ina dattawa? Ina giyar? Ko garin taba babu. Kai ne, mai kunnen ƙashi? Me ka kira ni in yi a cikin wannan akwati?"

Na ce faifai muke yi. Na bayyana masa yadda ake sa allura a kai, kiɗan ya fito ko babu makaɗi.

Ya kalle ni da idon ƙanwata. Ya ce, "Ni ba a kira na in ƙi zuwa. Ko wa ya kaɗa, zan zo. Kuma jiki ɗaya gare ni, shi ne wannan."

Shuvai ta yi atishawa sau biyu ta kife. Da muka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido, ta ce, "Yaya, suma na yi? Ina takalmina?" Wanda aka hau ba ya tuna komai, har abin da ya faru dab da hawan. Na ce zafin ɗakin ne. Da ƙaramar murya na yi maganar, don Gwinyai na kallona.

Da aka fita da ita shan iska, Mista Banda ya juya mana tef ɗin. Shi ba mutumin ƙasarmu ba ne, bai ɗauki abin da nauyi ba. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, kunnensa bai taɓa jin irinta ba, a yanke maganar ƙarshe kawai. Gwinyai ya ce, "A goge. Takawira, ka ji da kunnenka." Hannuna ya kai kan maɓallin. Sai muryarta ta hau baiti na biyu, na janye hannun. Na ce ai faifai roba ne, roba ba ta kiran kowa. Gwinyai ya ɗauki sandunansa ya fita, bai sake dawowa ba.

Wata uku ina hana ta jin tef ɗin, yau da wannan dalili gobe da wancan. Kullum ina cewa zan gaya mata.

Ranar da faifan ya fito na raka ta tashar Mbare da safe, za ta kai wa ƙawarta ɗinki. Muna tsallaka titi tana ba ni labarin wani saurayi a cocinsu, tana dariya, sai wani shagon faifai ya saki lasifika. Jitata ce. Mai shagon ya tsallake waƙoƙi takwas ya sa ta tara.

Ta tsaya cak a tsakiyar titi, motoci na ta oda. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, me ka yi?"

Na ja ta mu gudu, amma shagon gaba ma ya saka, ga kuma rediyon wata bas da ke lodi. Kwafi dubu biyar aka buga, tun jiya sun tafi Bulawayo da Mutare da duk inda mota ke zuwa. Shuvai ta saki rigata, ta sunkuya a hankali ta cire takalmanta. Da ta ɗago, hannunta na kan gwiwar hagu.

"Ga ni," in ji shi. "Wa ya mutu?"