Rabon Duna

A Misfala ta Makka, can ƙarshen unguwa inda ɗakunan gwangwani suke jingine da dutse, ba wanda bai san Wada mai awaki ba, da baƙin karensa Duna. Shekara shida Wada ya yi a ƙafa daga ƙasar Katsina zuwa bakin teku. Su goma sha tara suka taso, shi da matarsa Sa'adiya kaɗai suka ga Ka'aba. An daina yin maza irinsa. A Sudan ya tsinci Duna yana kwikwiyo, ya ƙetare teku da shi cikin buhu, masu jirgi ba su sani ba. In ka tsaya sayen madara, sai ka ji labarin nan sau uku.

Shekarar da Turawa suka gama yaƙinsu, Sa'adiya ta samu ciki. 'Ya'ya biyu ta binne a hanya, shi ya sa Wada ya kira Inna Maimuna ungozoma tun cikin yana wata bakwai. Ranar da ta zo, wata akuya tana haihuwa a garke. Duna na tsugune gefe, miyau na zuba. Da mabiyiya ta faɗo, Wada ya ɗaga ta da sanda ya wurga.

"Duna, rabonka!"

Kafin ta taɓa ƙasa kare ya cafe. Inna Maimuna ta dafe ƙirji.

"Kai Wada, tun yaushe kake ba shi wannan?"

"Tun a hanya, Inna. Da me zan ciyar da shi, da addu'a?"

"To ka koya masa duk inda aka haihu yana da rabo. Ranar da matarka ta durƙusa, zai zo karɓa."

Wada ya yi dariya. "Ni da na kori kura da takalmi a Kurdufan? Ba ni kwana arba'in, ki gani."

Ya dage kuwa. A ganinsa haɗarin ɗaya ne: mabiyiyar ɗan mutum binne ta ake yi a bayan ɗaki, ƙasar Makka kuma taƙi ɗaya za ka haƙa ka tarar da dutse. Sai ya riƙa binne ta awaki da barkono a ciki. Duna ya tona, ya yi ta atishawa. Ya sake tonawa, ya sha sanda. Kafin wata ya cika, ko ƙashi aka binne, sai ya kewaye wurin, wutsiya a matse. Wada ya riƙa kiran maƙwabta su zo su gani.

Sa'adiya dai ba ta yi dariya ba. "Maigida, karen nan ya daina kwana a garke. Duk inda na zauna, cikina yake kallo."

"Gadinki yake yi."

"Haka yake gadin akuyar nan ma."

Naƙuda ta zo da hantsi, rana tana dukan gwangwani. Wada ya ɗaure Duna a turke. Bayan azahar ya ji kukan jariri, namiji. Inna Maimuna ta fito da ƙwarya a rufe, ta binne abin da ke ciki, ta ɗora dutsen niƙa a kai, ta zagaya wajen murhu don dafa ruwan wanka. Duna bai ko kalli wurin ba. Wada ya leƙa ta kan katanga yana yi wa maƙwabci albishir, har da kurin ai ya faɗa.

Da ya juyo, igiya ce kaɗai a turke, a cinye.

Dutsen niƙa na nan yadda aka ajiye. Asabarin ƙofa ne ke motsi. Nan ya gane: ya hana kare abin da aka binne, bai hana shi abin da ke fili ba.

Ya ɗaga asabari. Sa'adiya na jingine da bango, ido a buɗe, tsoro ya hana ta motsi. Jariri na kan tabarma. Duna na tsaye a kansa, hancinsa a kan ɗanyar cibiya, miyau na ɗiga kan zanen.

"Duna. Zo."

Kare ya ɗago ya dube shi. Ya yaye leɓe, ya yi gurnani can ƙasan maƙogwaro. Shekara tara bai taɓa yi masa haka ba. Sanda na hannun Wada, amma bakin kare ya fi kusa da yaron.

Wada ya ja baya har tsakar gida. Ya ɗaga sandar sama, ba komai a kanta, ya saki murya irin ta garke.

"Duna, rabonka!"

Kare ya fito a guje, ya yi tsalle ya cafi iska. Wada ya faɗa masa a wuya da rawani.

Inna Maimuna ta rugo da tsumagiya. "Kashe shi!"

"Ba a cikin Harami ba, Inna."

Bai tsaya ganin fuskar ɗansa ba. Ya ja Duna suka bi hanyar Yaman, kare na gaba yana kaɗa wutsiya kamar za su kiwo, har suka wuce duwatsun iyakar Harami. La'asar sakaliya Wada ya dawo, rawani a naɗe a hannu. Ya wanke hannuwansa da ƙasa da ruwa, sannan ya karɓi yaron ya yi masa huɗuba, ya ce Awwalu.

Labarin kura, da na buhu, da na mutum goma sha bakwai da hanya ta ci, ya ci gaba da ba masu sayen madara har ya tsufa. Na bayan duwatsun iyaka, ko Sa'adiya ba ta ji ba.