Amshin da Na Karɓa a Ƙofar Mazugal

Har yau in dattawan unguwa suka zauna hira aka taɓo zancen kiɗa, sai wani ya ce ai ba a taɓa wasa irin na Maharazu a filin Ƙofar Mazugal ba, shekarar da soja suka miƙa mulki. Sai a juyo kaina, "Ilu, kai ka riƙe amshi ran nan, ba mu labari mana." Wallahi ji nake kamar in shaƙe mai tambayar. To yau zan faɗa sau ɗaya, kowa ya huta.

Ni ɗan amshi ne. Shekara goma sha bakwai na yi a bayan Maharazu mawaƙi, kuma ban da wannan ban iya komai ba, ko zare ban iya sa wa allura ba. Aikinmu ba wuyar faɗi: maigida ya ja baiti, in ya kai gaɓa ya jefo amshi, ku cafe ku mayar yadda ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Ba mai tambayarka ko ka so. In kuwa ka bari amshi ya faɗi ƙasa a gaban jama'a, ka karya waƙa, ka tsinka maigida, kuma daga ranar babu mawaƙin da zai ƙara tsayar da kai a bayansa. Lokacin ina da mata da 'ya'ya huɗu.

Siyasa ta dawo, bakin kowa ya buɗe. Wani ɗan takara, Alhaji Ashafa, ya ɗauke mu mu yi masa wasa. Aka kawo babbar mota aka tsayar a tsakiyar fili, aka ɗaura mata lasifika har huɗu, muka hau baya. Mu 'yan amshi uku makirfo ɗaya aka ba mu, aka dasa shi daidai bakina, don muryata ta fi tashi. Har na ji daɗi, ni shashasha.

Filin nan yana kallon shagon yayana ne, Yaya Tanko tela, gidansa kuma na bayan shagon. Shi da matarsa Indo suka riƙe ni tun ina shekara bakwai, da mahaifiyarmu ta rasu. Shekara talatin da aurensu Allah bai ba su haihuwa ba, kuma duk unguwa ba mai ɗaga zancen a gabansu. Sai dai Yaya yana da baki. Tutar ɗaya jam'iyyar ya kafa a ƙofar shago, in ya fara kan Alhaji Ashafa kuwa, har keken ɗinkin tsayawa yake.

Bayan la'asar aka fara. Gaskiya ɗaya ce, wasa ya yi wasa. Mutane har kan ganuwa, wasu a bisa katanga, masu keke sun jingine kekunansu sun manta da su. Kalangu uku suka haɗa baki, Maharazu ya cire hula ya riƙe a hannu, kuma duk wanda ya san shi ya san in ya cire hula to ranar ba sauƙi. Ya wasa mahauta, ya wasa marina, ya kira sunan wata tsohuwa mai ƙosai sai ga ta ta saki matsami ta shigo fili tana juyi. Ni ma na manta da kaina, ina cafe amshi tun bai sauka ba.

Can sai na ga wani daga mutanen Alhaji ya hau tayar mota ya yi wa Maharazu raɗa. Kiɗa ya sauya, ya koma na zambo. Maharazu ya fara da wani tela mai dogon baki, mai tutar da ta koɗe. Jama'a suka kwashe da dariya, kawuna suka juya wajen shagon Yaya.

Na duba ta inda zan sulale. Ina! Hagu Sani ne abokin amshina, kafaɗarsa manne da tawa. Dama makaɗa. Baya ƙarfen mota. Ƙasa kuwa 'yan bangar Alhaji sun kewaye mu da gorori, bayansu mutane maƙil, ko akuya ba za ta ratsa ba. Na ce a raina, Allah ka sa ya tsaya kan tuta, ya tsaya kan dogon baki, wannan Yaya ma dariya zai yi.

Sai Maharazu ya ja numfashi ya jefo amshi: "Tela mai ɗinka wa 'ya'yan wasu, ina naka?"

Tsakanin jefowa da cafewa bugun kalangu uku ne. A na farko na kalli Maharazu. Ya san telan yayana ne, ya sha cin tuwo a gidansa, amma idonsa a kaina yake, yana jira. A na biyu na tuna bakin yara huɗu. Kada wani ya yi mini kara ya ce bakina ne ya kuɓuce. Ina sane. A na uku na karɓa.

Muryata ta fita tana rawa, hawaye na zuba, lasifika huɗu suka kwashe ta suka watsa har bayan ganuwa. Su kuwa jama'a sai suka ɗauka salo ne! Wai ba su taɓa jin amshi mai ratsa jiki haka ba. Fili ya ɗauki sowa, ana ɗaga huluna. Da Maharazu ya ga ya kama, sai ya ƙi sakinsa. Ya jefo, na mayar. Ya jefo, na mayar. Tun ina ƙirgawa har na daina. Daga baya ma jama'ar suka karɓe, dubban baki suna tambayar yayana ina nasa, ni ne a gaba ina jan su.

Daga saman motar ina hango shi. Bai tashi ba, bai rufe shago ba. Yana zaune kan keke, kansa a sunkuye, ƙafarsa na takawa. Can na ga ƙafar ta tsaya.

Kafin magariba aka tashi. Ana ta dafa kafaɗata ana sa mini albarka, ni kuwa na ratsa fili kamar wanda aka yi wa duka. Na je na tsaya bakin shago.

Yaya bai ɗago ba. Ya ciji zare ya ce, "Ka sha aiki."

"Yaya, wallahi ba yadda zan..."

"Ni bar ni, ni na ja da bakina. Shiga, tana ciki. Tun amshin farko ta gane muryarka."

Na shiga. Indo na tsakar gida tana tsintar shinkafa, idonta ya kumbura. Na shirya ta zage ni, ta jefe ni da faranti, wallahi da na ji sanyi. Da ta gan ni sai ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito lulluɓe da mayafi, matar da ta yi mini wanka da hannunta, ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi ta shimfiɗa mini nesa da ita. Tunda nake ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba, Auta take ce mini.

Ta durƙusa kaɗan ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Iliyasu. A kawo ruwa?"