Keken Fatu

Ana cikin yi wa Baba Sodangi wanka na ji ana jan wani abu mai nauyi a kan siminti. Na leƙa. Alhaji Mutawakkil ne, ɗan ƙaninsa, ya naɗe hannun babbar riga yana turo keken ɗinki daga ɗakin mamacin. Mutumin da ya shekara uku bai kawo wa tsohon ko lemo ɗaya ba, yau har da gumi.

"Ashafa, kama min nan," ya ce, "kada masu gaisuwa su lalata shi."

Na kama, muka ɗora a motarsa.

Keken ba na Baba ba ne, kuma na sani. Na Fatu ne, 'yar amininsa daga wani ƙauye bayan Rawayau. Da 'yan bindiga suka matsa musu ta kawo shi Dutsin-Ma a bayan babur, ta ba Baba ajiya, ta koma ɗebo sauran kaya. A hanya aka tare su. Wata bakwai ke nan babu labari.

Baba ya yi karatun injiniyan ruwa a ƙasar Cek, can Turai, tun muna goye, ya ƙare aikinsa a dam ɗin Zobe. Abin da ya dawo da shi daga can har da son wani tsohon fim marar launi, wanda mutanen ƙasar suka yi bayan yaƙin duniya, kan yadda aka kwashe Yahudawansu zuwa sansanin kisa. Da ya samo faifansa unguwa ta shiga uku. "Injiniya ya kunna makokin Turawa," haka ake cewa a majalisa ana dariya. Ni ma na yi dariyar, har da tafi.

Ranar Talatar da ta wuce, da jikin ya yi tsanani, ya aika a kira ni. Fim ɗin na tafiya, yana fassara min da ƙyar.

"Ka ga matar nan? An ba su kwana ɗaya su fito, kowa da akwati guda. Agogon bangonta take ba maƙwabciyarta ajiya." Ya yi tari. "Bar kallon sojojin, Ashafa, mugu aikinsa yake yi. Dubi tagogi."

Na duba. Kowace taga da fuska a bayan labule.

Can gaba matar ta dawo, ta rame, an aske mata kai. Maƙwabciyar ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce ba ta san da wani agogo ba, shi kuwa yana bugawa a bayanta.

"Ranar da na fara ganinsa a gidan sinima a can ƙasar, da aka kunna fitila na dubi tsofaffin da ke kusa da ni. Babu mai iya kallon wani." Ya nuna keken, lulluɓe da zanen Fatu. "Kai ne shaidata."

"In sha Allahu, Baba."

A zaman makoki liman ya yi tambayar da aka saba: "Akwai wanda ya san da amanar wani a hannun marigayi?"

Ɗan acaɓar da ya kawo keken yana wurin. Mai unguwa yana wurin. Duk masu manyan gemu da dogon carbi, kowa ya ga abin kallo a tabarma. Alhaji ya dube ni sau ɗaya kawai. Rumfar da nake sayar da wake a kasuwa tasa ce. Na shiga ƙirga yatsun ƙafata, kamar an ce ɗaya ya ɓata. Tir da mu, ni ne kan gaba.

Bayan sadakar arba'in aka sako Fatu. Ta zo da silifa wari daban-daban, ta durƙusa ta yi wa Alhaji gaisuwa, sannan ta tambayi kekenta.

"Keke kuma? Baiwar Allah, wahala ce ta taɓa ki. Allah ya ƙara sauƙi."

"Alhaji, Malam Ashafa yana nan aka shigar da shi."

"To, je ki kira shi."

Ta yi sallama uku a ƙofata. Na sa aka ce na tafi Karofi.

Ba ta tafi ba. Ta koma jikin katangar Alhaji da ke kallon gidana ta tsaya, daidai ɗakin da matarsa Hajiya Hafiza ke ɗinka wa jikoki kayan salla. Ina ganinta ta gefen labulen zaurena. Hannuwanta na cikin hijabi, ƙafarta ta dama tana taka ƙasa a hankali, tana bin ƙarar keken.