Kujera Ta Uku

Ƙofar motar ta ƙi rufuwa. Ya tura ta da ƙugu, ta dawo. Ya sa kafaɗa ya danna, sai ya ji robar kujerar da ke ciki ta yi ƙara kamar za ta tsage, ya yi maza ya saki.

Tun da hantsi yake wannan kokawa a ƙofar gida. Motar ƙarama ce, irin wadda direba zai miƙa hannu ya taɓa gilashin ɗaya gefen. Kujerun yara biyu ne a bayanta, irin waɗanda ake ɗaurewa a kan kujerar mota don tsare yaro, kowacce a jikin taga. Ɗaya ta ɗansa ce, wanda ake kira Injiniya saboda ba abin da ke shiga hannunsa ya fito da rai. Ɗayar ta jaririya ce, mai kallon baya. Tsakaninsu akwai ɗan fili inda Injiniya ke zuba motocinsa na wasa. A wannan fili yake so ya cusa kujera ta uku. Da ya cusa ta, sai sauran biyun su turo waje.

Kujera ta uku ta Kurciya ce, 'yar marigayiya ƙanwarsa. Shekararta shida. Ubanta ya tafi neman abin kansa, wayarsa ta daina shiga. Tun daga nan yarinyar take yawo a hannun dangi. Ta zauna gidan yayansa, ta koma gidan goggonsu, kowa da dalilinsa mai kyau na miƙa ta gaba. Yanzu ta iso gidansa da jaka ɗaya. Gobe za ta fara makarantar su Injiniya, can gefen gari, ta babbar hanya inda manyan motoci ke gudu kamar ana korarsu.

"Kai dai akwai ka da neman wa kai aiki," in ji yayansa, wanda ya zo tun ɗazu ya samu benci a inuwa yana kallo. "Yarinya ce fa, ba firji ba. Matarka ta ɗora ta a cinya a gaba, magana ta ƙare. Mu da muka girma a bayan motar kaya, ga mu nan da ƙafafunmu."

"Waɗanda ba su girma ba ai ba sa nan, Yaya, balle su ba da nasu labarin."

"Abin da Allah ya rubuta wa mutum, bel ɗin mota ba ya gogewa."

"Haka ne. Amma kwaɗo biyu na gani a ƙofar shagonka."

Yaya ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya gyara zama ya rage murya.

"Bar wasa. Na gaya maka akwai matar nan, 'yar uwar matata, tana neman yarinya ƙarama da za ta riƙa taya ta ɗan share-share. Za ta ci, za ta sha, ta koyi aiki. Ba mota, ba babbar hanya, ba wannan wahalar. Yau da yamma take son amsa."

"Makaranta fa?"

"Wannan sai a gani gaba."

Ya san ma'anar a gani gaba. Ya sake sunkuyawa cikin motar.

* * *

Sana'arsa gyaran jikin mota. Motocin da ake jawowa garejinsu ba sa zuwa da mutanen da ke ciki, amma suna zuwa da labarinsu. Yakan tsaya gaban gilashin da ya fashe ya duba inda tsagar ta faro. Idan babba ne ya buga kai, zanen yakan yi faɗi, can sama. Wani lokaci kuwa sai ya ga ƙaramin zagaye kamar gindin kofi, a gefen mai zaman gaba, daidai inda kan yaron da ke cinya zai kai. Irin waɗannan motocin yakan bar wa abokan aikinsa su cire gilashin. Shi ya sa tun kafin a haifi Injiniya ya sayi kujera, maƙwabta suna yi masa tsiya wai ɗan sarki za a haifa.

Yanzu yana durƙushe a bayan tasa motar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, wata tambaya ta zo ta tsaya masa. Yara uku, wuri biyu. Idan dole ɗaya ya zauna ba ɗauri, wane ne? Tambayar ba ta dame shi ba kamar yadda amsar ta dame shi, domin amsar ta riga tambayar isowa. Zuciyarsa ba ta ko yi shawara ba. Ta ɗaure nasa biyun, ta bar ta ukun a tsaye. Shi da yake ganin ya fi Yaya da Goggo, ashe bambancinsu kawai shi yana da tef ɗin awo.

To, in ya miƙa ta ga waccan matar, ai ya tsare ta daga hanya. Ba wanda zai ce ya yi sakaci da ranta. Wace irin tsarewa ce wannan, da za ta hana kanta bugun gilashi ta ɗora masa bokiti? Ya juya maganar ta kowane gefe kamar yadda yake juya kujerar, ita ma ta ƙi zama.

* * *

Ya shiga gida shan ruwa. Matarsa tana ɗakin girki, jaririya a bayanta, tana wanke kwanuka, warwaron hannunta na kaɗawa. Warwaro uku ne na mahaifiyarta, tun ranar da aka sa mata su ba ta cire ba, ko wanka ko barci.

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

"Baban Injiniya, ba fa ƙin yarinyar nan nake ba, Allah ya sani." Ta ajiye kwanon ba ta juyo ba. "Amma ka duba ni. Wuni nake a tsaye a shagon takalma, ina durƙusa wa ƙafafun mutane. In dawo, wannan na haƙori, wancan ya kwance rediyo. Ɗakin yara ga shi nan kamar akwati. Mota ma ta faɗa maka gaskiya, ba wuri. Kai ne ba ka son ji."

"In na sayar da motar na nemi babba..."

"Da me? Kafin gobe?"

Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar da aka faɗa da gajiya ta fi wuyar musu.

"Ita ina take?" ya tambaya.

"Ba tana wajenka ba? Ni tun da ta gama share tsakar gida ban gan ta ba. Kuma ba ni na sa ta ba, kafin ka tambaya. Da na ajiye tsintsiya sai ta ɗauka."

Suka duba ɗakin yara, suka duba bayan gida. Injiniya yana ƙarƙashin tebur da cokali yana yi wa agogo tiyata, ya ce bai gan ta ba. Suka fito waje tare. Yaya ya yi gyangyaɗi a kan benci.

Matarsa ce ta fara hango ta. Kurciya tana cikin motar, amma ba a kan kujera ba. Ta sauka ƙasa, bayan kujerar direba, wurin da ake ajiye ƙafa. Ta naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji, ta rungume sabuwar jakar makarantarta, ta sunkuyar da kai don kada ya wuce taga.

"Kawu, duba," ta ce, da fara'arta. "Na shiga. Nan ya ishe ni, ba sai ka wahala ba. Ba na motsi. A motar gidan Goggo ma a nan nake zama."

Yarinyar ta dubi fuskokinsu, fara'ar ta fara janyewa. Ta ƙara matse ƙafafunta.

"Ina iya ƙara matsawa, Anti. Kin gani? Har a ajiye kaya a nan."

Ya ji matarsa ta ja numfashi. Ta kwance goyon, ta miƙa masa jaririyar ba tare da ta dube shi ba.

"Fito, 'yar nan. Fito, wurin takalmi ne nan." Ta kamo hannunta ta fito da ita, ta kakkaɓe mata bayan riga. Sannan ta tsaya, hannu a ƙugu, tana kallon bayan motar kamar yau ta fara ganinsa.

"Tun safe a tsakiya kake cusa ta?"

"A nan fili yake."

"Saura ne, ba fili ba. Fitar da su duka."

"Waɗannan biyun ai sun zauna daidai, na ɗaure su tun..."

"Na ce duka, Baban Injiniya."

* * *

Ya miƙa wa Yaya jaririyar, ya kwance kujerun ya jera su a ƙasa. Bayan motar ya zama wayam, sai ɓurɓushin biskit da ƙafar safa ɗaya da aka daɗe ana nema. Matar ta zagaya kujerun tana taɓa kafaɗunsu.

"Ka ga ta Injiniya da ta Kurciya, faɗinsu a baya yake, wajen kafaɗa. Ta jaririya kuwa tunda baya take kallo, faɗinta a gaba yake. Kai ka haɗa kafaɗa da kafaɗa, dole su yi faɗa. Mu a shago ba ma sa takalmi biyu a kwali suna kallon wuri ɗaya. Kan wannan a dugadugin wancan. Sa jaririya a tsakiya."

Injiniya, wanda ya biyo su waje da cokalinsa, ya gane abin da ake shirin yi.

"Tsakiya wurin motocina ne! Ina zan ajiye su?"

"A gareji, wurin babanka," in ji uwarsa. "Dama duk sun yi hatsari."

Ya ɗaure ta tsakiya tukuna, ya danna da gwiwa, ya ja bel har ta daina girgiza. Ya sa ta Injiniya a dama, ta Kurciya a hagu. Suka shige jikin juna, kowacce ta kwanta a inda 'yar uwarta ta rage. Ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbata kowacce da ɗaurinta take tsaye, ba jingina da maƙwabciyarta ta yi ba. Ya kama ƙofar ya tura a hankali.

Ta rufu.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Ashe motar tana jin maganar mata."

Saura abu ɗaya. Kujerar Kurciya ta manyan yara ce, da bel ɗin motar ake ɗaure mai zama a kai, kuma ramin da kan bel ɗin ke shiga ya nutse tsakaninta da ta jaririya. Yarinyar ta hau ta zauna a ɗofane. Ya jawo bel ya zura hannu, hannun ya tsaya a wuyan yatsu. Hannu ne da ya yi shekaru yana riƙe guduma. Ya gwada ta sama, ya gwada ta ƙasa, ya fito da shi a ƙuje.

"Matsa, da hannu kamar faranti," in ji matar.

Nata ya shiga har wuyan hannu, sai warwaron suka maƙale a gefen roba. Ta juya, suka ƙi. Ta zaro hannun ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta haɗe yatsunta, ta murza warwaron ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar suka wuce, suka bar farin zobe a fatar da rana ba ta taɓa gani ba.

"Ungo, riƙe min. Kada ki ba Injiniya."

Kurciya ta karɓa da hannu biyu. Matar ta zura hannu, ta lalubo, suka ji ƙas.

"Wannan fa aikin kullum ne," ya ce a hankali. "Safe da yamma. Nawa ba ya shiga."

"Na gani. Makauniya ce ni?" Ta juya wajen benci. "Yaya, a gaida matar nan, a ce mata mun gode. Yarinya tana da makaranta gobe."

Yaya ya miƙo jaririyar, ya kakkaɓe rigarsa.

"To, ba laifi. Sai ta nemi wata. Yara ai ba su ƙare ba."

Ya bi yayansa da kallo har ya sha kwana. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Wata yarinyar tana can, a wani gida, ta iya naɗe ƙafafu, kuma bayan motarsa ya cika.

* * *

Da safe suka hau babbar hanya. A madubi yana ganin kawuna biyu da ƙafafun jaririya suna harbin iska a tsakiya. A wurin fitilar hanya wata mota ta tsaya kusa da su, yaro a cinyar uwarsa a gaba, ya manna tafukansa biyu a gilashi yana dariya. Ya kawar da kai.

Kurciya ta zauna a miƙe, gwiwar hannunta a matse da jiki, ba ta taɓa ƙofa ba, ba ta taɓa kujerar jaririya ba. Warwaron suna cinyarta, domin matar ta ce ba amfanin mayarwa tunda za ta sake cirewa a ƙofar makaranta.

Injiniya ya rasa inda zai yi da motocinsa. Ya miƙa hannu ta saman jaririya ya cilla ɗaya, ta faɗa cinyar Kurciya. Ya cilla ta biyu. Da ta uku ta sauka, sai ta tattara su duka ta miƙa masa.

"Kai, ɗauke kayanka. Nan wurina ne."

"Umma! Kin ji ta ko?"

Matar ba ta juya ba. Tana kallon hanya, tana shafa ƙujewar da ɗaurin bel ya bar mata a bayan hannu.

"Na ji ta," ta ce.

A madubi ya ga yarinyar ta ɗaga gwiwar hannunta a hankali, ta ɗora a jikin taga, warwaron suna kaɗawa a cinyarta duk sanda motar ta taka rami.